Haƙoran Moli

Ba zan ɓata lokaci kan yadda na bar gida ba. Eka ɗaya mahaifinmu ya bar mini a bakin kanal ɗin ban ruwa, tsakanin ƙauyenmu da Bunkure. Na sayar da ita, da alkamar da ke cikinta ko kai ba ta fitar ba, na miƙa wa wani mutumin birni da ya ce zai samo mini aikin kula da tsofaffi a Ingila. Takarda ta fito, biza ta fito, sai ga ni a Bradford da 'yar jaka da takalmin da bai san ruwan ƙanƙara ba.

Mutumin nan Oga muke ce masa. Shi ya tarbe ni, ya kai ni wani ɗaki a saman shagon gyaran waya. Mu bakwai ne a ciki, katifa huɗu. Kwana uku ina jiran a ce mini ga wurin aiki, a na huɗu na tambaye shi. Ya ce kamfanin da ya ɗauki nauyina yana nan, amma ba su da aikin ba ni a yanzu, in yi haƙuri. Ni kuwa tun ina gida an san ni da saurin hawa. Na taso masa, har sauran 'yan ɗakin suka riƙe ni. Ya tsaya ya kaɗe rigarsa, ya dube ni ya ce, "Malam Lawan, nan ba Bunkure ba ce. Ka ɗaga murya maƙwabta su kira 'yan sanda, wa kake jin za a mayar gida, ni ko kai?" Gaskiya ya faɗa, ko da yake daga bakin maƙaryaci ta fito.

Wata huɗu na yi a ɗakin nan. Na san yunwa a gida, amma yunwar gida tana da maƙwabci. A can kuwa sai ka wuni kana kallon motoci ta taga, babu wanda zai ce maka ina gajiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kiran Inna, mahaifiyata. Ƙanwata ce ke riƙe mata waya duk Juma'a. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma taɓa nuna ta damu da ni a gaban mutane ba. Iyakarta ta ce, "Ana dai cin abinci ko?" In ce ana ci. Ta ce, "To, madalla," ta koma ba ni labarin awakinta. Ni kuma in rufe da cewa, "Inna, nan da shekara ɗaya in Allah ya yarda zan leƙo." Ban taɓa faɗa mata cewa burodi da ruwan zafi nake kwana a kai ba.

Alherin da na gani a garin nan wajen wani tsoho ne ɗan Yaman, mai sayar da kayan miya kusa da masallaci. Wata Juma'a ya ga ina rawar ɗari a sahu, da aka idar ya ja ni shagonsa, ya tuɓe rigar sanyin da ke jikinsa ya sa mini. Bai tambayi sunana ba. Har yau rigar tana nan, tana ƙanshin citta da kanumfari.

A wata na biyar kamfanin ya kira. Wata mata ta ce akwai wani tsoho a can arewa, a wani ƙauyen masu haƙar kwal na da, yana buƙatar wanda zai zauna da shi a gida. Ta ce mutum biyu sun ƙi. Na ce saboda me? Ta ce akwai kare a gidan. Na ce ko kura ce a kawo adireshi.

Baki ne kawai. Ni da kare ba ma ga maciji. Ina yaro ba na wuce kare ban nemi dutse ba, ko inuwarsa ba na so ta taɓa ni. Amma matar ta gaya mini a fili cewa in ban karɓi wannan ba, ba su da wani, kuma wanda aka sallama kwana sittin ake ba shi ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara ya bar ƙasar. In koma Bunkure ba eka, ba komai, in wuce ta bakin kanal ina kallon wani yana ban ruwa a gonar ubana? Na hau jirgin ƙasa.

Sunan tsohon Len, ni kuwa Baba nake ce masa. Ya haura tamanin, ƙurar kwal ta gama da huhunsa, kullum da bututun iska a hanci, daga gado sai kujera mai taya. 'Yarsa ɗaya, Juli, tana aiki a wani gari mai nisa, sai ƙarshen mako take zuwa. Ita ta buɗe mini ƙofa ranar da na isa. Ina shiga wani abu ya zabura daga kan kujera ya nufo ni, na manne da bango ina salati.

"Moli ke nan," in ji Juli tana dariya. "Ba ta cizo."

Na dube ta da kyau. Siririya ce mai ruwan toka, ƙafafu dogaye, ciki a ɗame, baki tsini, haƙarƙari ana iya ƙirgawa. Irin karnukan da suke kira wifet ne. Na ce a raina waɗannan mutane ba su da tausayi, suna cin nama suna barin dabba da yunwa. Ashe haka halittarsu take. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rigar da ke jikinta, mai maɓalli har uku, ta fi wadda na zo da ita daga gida kauri.

Na sha fama da zuciyata a makonnin farko. Na tuna karatun da muka yi a Islamiyya, cewa a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki ce ake wankewa. Na san karatun, amma hannuna bai yarda da shi ba. Na ware jallabiya ɗaya na ɗaure a leda a saman kabad don salla kawai. In zan yi salla sai in rufe ƙofa. Moli kuwa sai ta zo ta kwanta a bakin ƙofar, in riƙa jin numfashinta ta ƙasa, ba ta tashi sai na yi sallama. Tun ina korarta da ƙafa har na gaji. Wata rana na kai ta filin bayan gari na kwance mata igiya kamar yadda Baba ya ce, ta ga zomo. Wallahi ban taɓa ganin abu mai rai ya yi gudu haka ba. Na tsinci kaina ina tsalle ina ihu da Hausa, "Kama shi! Kama shi!" Ba ta kama ba. Ta dawo tana haki ta jingina da ƙafata, ni kuma na manta ban janye ba.

Ni da Baba muka saba. Mutum ne mai baƙar magana, ni ma ba baya ba, sai abin ya zo daidai. Yakan ce shayina kamar ruwan wanki, in ce masa abincinsu kamar na marar lafiya, ya ce ai marar lafiyan ne. In na gama yi masa wanka na gyara masa gado, sai ya sa in ɗauko masa wani tsohon littafi mai baƙin bango. A ciki mahaifinsa ya fara rubuta sunayen karnukan gidan, uwa da 'ya, uwa da 'ya, tun zamanin da masu haƙar kwal ke fitowa daga rami ranar hutu su yi tseren karnuka a filin nan. Shi ya ci gaba da rubutun. Sunan Moli ne na ƙarshe a shafin, ƙasansa babu komai.

Ni ma nakan ba shi labarin gida. Na gaya masa cewa a wasu ƙauyukan in an gama kaka sai a saki dabbobi su yi ta yawo, akuya ta haɗu da bunsurun da Allah ya haɗa ta da shi. Mu kuwa tun da kanal ya zo gonakinmu ba sa hutawa. A cire shinkafa a sa alkama, a cire alkama a sa tumatir da albasa. Wanda ya saki akuya ya sayi rigima. Saboda haka awakinmu a turke suke shekara, kuma mai akuya shi ke yanke ranar da zai ja ta zuwa gidan mai bunsuru. Ya ce to yaya muke gane ta isa? Na ce Inna baki take buɗewa. In burguma, wato budurwar akuya, ba ta yi famfara ba, manyan haƙora biyu ba su fito a gaba ba, ko ta kwana tana kuka ba za a kai ta ba. Na kuma gaya masa abin da ban cika son tunawa ba. Ina saurayi na yi gaggawa, na saci jiki na kai wata burgumar Inna barbara tun haƙoranta na nono. Ranar haihuwa ɗan ya maƙale, muka rasa uwa muka rasa ɗa, a hannuna ta cika. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce in haƙa ramin da kaina.

Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ashe kai ma ka san dabba."

Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata. Wata da watanni ba wanda ya ce na san wani abu.

Moli tana wata goma da haihuwa ta fara jini, alamar ta soma neman namiji, karo na farko ke nan. Ranar Asabar Juli ta zo, Baba ya ce yana so a kai Moli wajen karen wani tsohon abokinsa, Ted, a wani gari da bas ke zuwa daga bakin titinmu. Juli ta ce sam. Ta ce likitan dabbobi ya riga ya gaya musu a bari sai ta kusa shekara biyu, ta ga jini na biyu ko na uku, ƙashinta ya gama ƙwari. Suka yi ta sa-in-sa ina kicin ina ji. Daga ƙarshe na ji Baba ya ce, "Likitan karnuka ya ce shekara biyu. Nawa likitan me ya ce?" Juli ta fito ta wuce ni idonta jajir.

Da ta koma ranar Lahadi, Baba ya kira ni. Ya ce, "Lawan, wancan likitan yaro ne, a littafi ya san kare. Kai ka tashi cikin dabbobi. Duba mini ita, ka gaya mini gaskiya."

Na durƙusa, ni da a da ba na son inuwar kare, na sa yatsu na ɗaga leɓen Moli. Haƙora farare tas, manya, sun cika baki, babu na nono ko ɗaya. Na dubi Baba, yana kallona kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na ce, "Baba, ta isa."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya sa na kawo littafin, ya ja layi a ƙasan sunan Moli, ya bar wurin sunayen 'ya'ya. Ya ƙirga mako tara a kalanda, ya ce zai kai, ko da rarrafe. Ranar ya cinye abincinsa tas, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya buga wa Ted waya suka tsayar da rana, ya ce mini kada Juli ta ji sai an gama.

Ranar ta faɗo Juma'a. Na shirya Baba, maƙwabciya ta yarda za ta zauna da shi, na sa wa Moli rigarta muka fita bakin titi da hantsi. Muna jiran bas sai wayata ta yi ƙara, ƙanwata ce da kiran bidiyo. Na ɗauka, ga Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, ina hango turken awaki a bayanta. Muna cikin gaisawa Moli ta cusa kai cikin hoton.

Inna ta ajiye faifan. "Wannan fa? Kiwon kare aka koma?"

Kunya ta kama ni, amma na ba ta labari duka, har da yadda na duba haƙora kamar yadda ta koya mini. Ina faɗa ina jin kaina, ina jiran ta ce na yi daidai.

Ta ce, "Juya wayar in gan ta a tsaye. Ta baya." Na juya. "Wata nawa gare ta?"

"Goma, Inna."

"Kai dai har yau gaggawar nan ba ta sake ka ba. Kare akuya ne? Kare tun yana wata shida yake gama famfara. Ka buɗe bakin ɗan kwikwiyo ma ka ga haƙora reras. Wa ya ce maka a baki ake duba kare?"

Na manta sam cewa Inna 'yar mafarauta ce, cikin karnuka ta tashi a gidan Baffansu kafin a kawo ta gidanmu.

Ta ce, "Baffa bai taɓa barin a hau karyarsa a jinin farko ba. Sai ta ga farauta biyu, ƙugunta ya buɗe, ta daina wasa da jelarta. Dubi ƙugun wannan, ko tafin hannuna bai kai ba. Yarinya ce. In an yi sa'a ta haihu ta ƙi shayarwa don ba ta san mene ne ba. In ba a yi sa'a ba, kai ka san sauran, kai ka haƙa ramin."

"Inna, mai ita ba shi da lafiya. So yake ya ga 'ya'yanta kafin ya rasu. Kuma in na ɓata masa, aikin nan..."

"Ni dai na gaya maka abin da na sani," in ji ta. Ta ɗauki faifanta. "Ana dai cin abinci ko?"

Bas ta zo ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Direban ya dube ni, na dube shi. Moli tana ta tsalle tana kama igiyarta da baki tana wasa da ita. Direban ya ɗaga kafaɗa ya rufe ƙofa ya tafi.

Na fi awa biyu ina zaga filin bayan gari. Shaiɗan ya kawo mini shawara mai kyau ƙwarai. Ya ce in kira Ted in ce Baba ya fasa, in koma gida da la'asar in ce an yi barbara. Ted kunnensa ya yi nauyi, ba ya son waya, da wuya su sake magana. Baba zai yi mako tara yana murna yana cin abinci, daga baya in ce cikin bai kama ba, ai yana faruwa. Moli ta tsira, aikina ya tsira, tsoho ya sami abin jira. Har na ciro wayar. Abin da ya hana ni ban san sunansa ba. Na dai tuna yadda ya ce, ka gaya mini gaskiya, na kuma tuna Oga yana ce mini in yi haƙuri aiki na nan tafe. Na san yadda jiran abin da babu yake.

Da na shiga, Baba ya dubi agogo ya dube ni.

Na ce, "Baba, ban kai ta ba. Na yi kuskure ranar nan. Ƙa'idar awaki na ɗora wa kare. Likitan nan shi ke da gaskiya, ba ta isa ba. A bar ta shekara ɗaya."

Ya ja numfashi ta bututun iskarsa. Sannan ya ce, "Shekara ɗaya."

"Shekara ɗaya ce kawai, Baba."

"Kawai," in ji shi. "Kai kana da ita, shi ya sa kake rabon ta kamar alewa. Ni ba ni da shekara, Lawan. Da ka ce mini a'a tun farko da na haƙura, na saba jin a'a. Kai ka ce ta isa. Ka sa na ja layi."

Na ce in ba ya yarda da ni ya aika wani ya kai ta, amma ni hannuna ba zai kai ta ba. Halin nawa ya motsa, na ƙara da cewa in ta mutu wajen haihuwa littafin nasa ya rufe ke nan har abada. Da ma na bar wannan a cikina. Ya juya kujerarsa ya fuskanci taga. Washegari ya kira kamfanin ya ce a canja masa mai kula da shi. Ban roƙe shi ba, shi ma bai sake duban inda nake ba. Ranar da zan tafi Moli ta biyo ni har ƙofa, na rufe ta a ciki da hannuna, ina jin ta tana ƙarzar katako har na sha kwana.

Na koma ɗakin saman shagon waya, yanzu mu takwas. Kamfanin ya ce ba su da wani wuri, na zauna ina jiran takardar sallama. Ban yi barcin kirki ba a makonnin nan, kuma ba zan ɓoye ba, na yi nadama. Na zagi kaina, na zagi karyar, na ce a kan dabbar da a garinmu jifanta ake yi na zubar da ekar ubana. Ana nan sai matar kamfanin ta kira. Ashe Juli ta ji abin da ya faru daga bakin maƙwabciya, ta rubuta musu doguwar wasiƙa a kaina. Suka ba ni aikin zagaye a wani gari, gida-gida a kan keke, rabin awa nan rabin awa can, cikin ruwa da iska. Aiki ne na wahala, amma ya riƙe mini biza.

Wata biyar bayan rabuwarmu Juli ta aiko mini da saƙo cewa Baba ya rasu. Ina bakin wata ƙofa da keke na karanta. Na yi lissafin da ban so yi ba. Da na hau bas ɗin nan, kuma da an yi sa'a, da ya ga 'yan kwikwiyon, da ya riƙe su wata uku cur. Na jingina keken na zauna a kan dakalin mutane na yi kuka, har matar gidan ta leƙo ta tambaya ko faɗuwa na yi.

Shekara ta zagayo da 'yan watanni, Juli ta sake kira. Ta ce Moli tana wajenta, ta haura shekara biyu, ta fara jini na uku. Ta ce tana gyara kayan mahaifinta ta buɗe baƙin littafin nan, ta ga ya yi rubutu a ƙasan layin da ya ja, da hannu mai rawa. Ta karanta mini: "Kada a kai ta sai Lawan ya ce ta isa."

Na nemi hutun kwana ɗaya na je. Moli ta gane ni tun daga bakin titi, ta kusa kayar da ni. Ta cika, ƙirji ya faɗaɗa, ƙugu ya buɗe, ta daina wasa da igiya. Ban taɓa bakinta ba. Na sa Juli ta kai ta wajen likita ya duba ta tukuna, da ya ce lafiya, sannan na ce ta isa. Ted ya riga ya koma gidan tsofaffi, amma karen yana wajen ɗansa. Juli ta ce mu je a motarta, na roƙe ta ta sauke mu a bakin titin gidan Baba, ta bar ni in kai Moli a bas daga nan. Ta dube ni, ba ta tambayi dalili ba.

Bayan mako tara Moli ta haifi biyar, da rana tsaka, ba tare da wata wahala ba. Ta lashe su tas ta kwanta tana shayarwa kamar ta shekara tana yi. Juli ta rubuta sunayensu a littafin, ƙasan rubutun mahaifinta. Mutane suna ce mini na yi daidai, ga shaida nan guda biyar. Ni dai na san na ceci karya, na kuma hana tsoho abu na ƙarshe da ya roƙa a duniya, bayan ni na sa masa rai. Duka biyun nawa ne, ban iya ajiye ɗaya in ɗauki ɗaya ba.

Juma'ar da ta biyo na nuna wa Inna hoton a waya. Ta kawo fuskarta kusa, ta ƙanƙance ido, sai a ranar na lura ganinta ya ragu. Ta ƙirga su da yatsa, ta ce, "Biyar. Ka ga abin da ake gaya maka. Mai su fa, ya gani?"

"Bai gani ba, Inna. Ya rasu tun bara."

Ina jin kukan awaki a bayanta, da ƙarar injin ban ruwa can nesa. Na jira ta tambaye ni ko ana cin abinci. Sai ta dubi gefe, kamar da turken awaki take magana, ta ce, "Lawan, kai kuma yaushe za a gan ka?"

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na buɗe baki in ba ta amsar da na saba ba ta duk Juma'a, nan da shekara ɗaya in Allah ya yarda. Sai na tuna Baba yana ce mini shi ba shi da shekara, maganar ta ƙi fita.